Ranar da na ƙarasa wa Kaka fim

Kakata ba ta jin Larabci sai na gaisuwa da na ciniki, ni kuwa a birnin Wad Madani na tashi cikin Larabawa, Hausata duk ta gurgunce. Idan muka je hutu ƙauyenmu na kusa da Sinja, hirarmu ba ta wuce "kin ci?" da "na ci". Abin yana damuna, don ina sonta ƙwarai.

Wata rana da la'asar yayana ya kunna mana fim a kwamfutarsa ƙarƙashin rumfa. Daga wani wasan kwamfuta aka ciro labarin, wasan da na ƙware a kai fiye da karatuna: wani saurayi ne yake bin dodon da ya sace ƙanwarsa. Kaka tana gefe tana gyaran kuɓewa, wai ita ba ruwanta da shirme. Dodon na fitowa ta ajiye wuƙa.

"Ke, mi wanga ƙato yac ce?"

Yayana ya yi kamar bai ji ba. Dole na fara fassara, ina tuntuɓe, ina cusa Larabci duk inda na maƙale. Tana gyara mini, tana zagin saurayin don ya shiga kogo ba bisimilla.

Saurayin ya taka wata gadar igiya ke nan, batir ya mutu. Ƙauyen kuwa ba wuta.

"Halas, shi ke nan," in ji yayana, ya rufe kwamfutar ya fice.

Kaka ta damƙe hannuna. "Ba ke kinka ce kin san wasan ba? Ƙarasa min."

Ni kuwa a wasan ma ban taɓa tsallake gadar nan ba, kullum a nan nake faɗawa ruwa. Na gaya mata haka. Ta ce to yau sai na haye. Na ƙirƙiro masa jaki, na sa ruwan kogin Dinder ya janye, na aurar da ƙanwar ga wani mai gonar riɗi don na san zai burge ta. Har aka kira magariba ina zuba, ban san ina da Hausar da ta kai haka ba.

Washegari aka yi cajin kwamfutar a kasuwa, yayana ya ce ta zo ta ga ƙarshen.

"Na ji shi jiya," ta ce, ta matsa mini wuri a kan tabarmarta. "Zamna, ɗiyata. Jakin nan, ina yat tafi?"