Halidu, Mutumin da Ya Katse Mana Salla

Kowace Lahadi, ana idar da sallar asuba, Baba Halidu yake ɗaukar sandarsa da gorar ruwa, ya tsaya bakin gada ta ɓangaren unguwar Harobanda yana jiran masu son hawa duwatsun da ke ƙetaren gulbi. Malaman lakwal ne galibi, wato makarantar boko, da ma'aikatan gwamnati ƴan Maradi da Damagaram waɗanda likita ya ce su rage tumbi. Shekara ashirin da shida yana ratsa dutsen da mutane, daga wannan ƙorama zuwa waccan, har su ɓulla ɗaya gefen da la'asar. In ya shiga yashin ƙorama ba ya sa takalmi. Muna yi masa dariya, muna cewa ƙauyanci ne.

Wata Lahadi cikin damina mu tara muka bi shi. Rana tsaka, sama tas, ko ɗigon hadari babu. Azahar ta same mu cikin wata ƙorama mai zurfi, gefenta biyu kamar katanga. Yashi fari, ga inuwa. Malam Yahaya, limamin unguwarmu, ya ce wuri ya yi.

Halidu ya ce, "Malam, mu hau sama tukuna."

Mushe Bala (haka muke kiran malaman boko, Mushe), daraktan wata lakwal, ya ce, "Kai tsoho, kai za ka koya wa liman inda ake salla? Kan dutsen nan ƙwai ma soyuwa zai yi."

Aka tayar da salla, Halidu bai shiga sahu ba, ya tsaya yana luma yatsun ƙafa cikin yashi. Muna raka'a ta uku sai kawai ya keta sahu, ya damƙi wuyan rigar liman, ya fizge shi daga ruku'u! Ban taɓa ganin an taɓa liman cikin salla ba. Hajiya Habsatu da ke bayanmu ta saki salati.

Bala ya ce, "Ka haukace ne?"

Halidu ya zuba masa sanda a gadon baya. "Hau! Ku hau, don ubanku!"

Muka hau, ba don mun yarda ba, don tsoron sanda. Hajiya ta kasa, ya sa kafaɗa ya tura ta sama kamar buhun gero. Ƙafarsa na barin yashi muka ji rugugi. Ruwa ja, tsayinsa ya fi mutum, ya karyo kwana ɗauke da itatuwa da mushen saniya. Inda muka yi sujada ya zama gulbi. Darduma, takalma, wayoyin talho, komai ya tafi. Ashe can nesa bayan dutse aka tafka ruwa, shi kuma ya ji girgizarsa a tafin ƙafa. Bala ya zauna daɓas kan dutse mai zafin nan.

Kai ne ka ji abin da masu takardu ba su ji ba, Baba Halidu. Kai ne ka sha zagi ka fitar da mu da rai, kuma ko sau ɗaya ba ka ba da labarin a bakinka ba.

Bana gwiwa ta hana shi hawa. Ni da Malam Yahaya muka je gaishe shi. Muna shirin tashi ya riƙe hannun liman, ya sunkuyar da kai.

"Malam, shekara goma sha ɗaya ina son tambayarka. Sallar nan da na katse muku, Allah zai kama ni?"

Mu muna ta yawo da ranmu, shi yana yawo da wannan! Liman ya buɗe baki, kuka ya ƙwace masa. Da ƙyar ya ce, "Halidu, duk sallar da na yi tun ranar, kana da rabo ciki."

Mun gode, Baba. Ku kuma da kuke gaban mutane a kowane aiki, in kun ga halaka tafe, ku fizgi rigar kowa, ko ta wane ce. A zage ku daga baya, in dai mai zagin yana numfashi.