Kamil da Kifayen da Ba Su San Tsoro Ba

A Batha, wata unguwa a Riyad, an baza cewa Kamil, taubashina, ya zama ɗan sandan hanya na kifaye: wai yana tsayawa cikin teku da usur, yana ɗaga wa tarwaɗa hannu. Ƙarya ce. A Riyad ko kududdufi sai an yi sa'a, kuma Kamil direba ne. Amma kifin kam akwai shi.

Kamil ɗan masunta ne daga Yawuri. Shekara tara rabonsa da kogi, har yanzu in ya tsaya a danja sai ya ga kwalta tana kaɗawa kamar ruwa, motoci na iyo a ciki.

Kafilinsa, wato ubangidan da ke riƙe da takardunsa, wani Duktur ne mai bincike a jami'a. Aikinsa lissafi a kwamfuta: in an kafa manyan fankoki a ƙarƙashin teku, igiyar ruwa na juya su ana samun lantarki, kifi nawa ne za su yi karo da fukafukan? A allonsa kifayen ɗige-ɗige ne shuɗaye, kusan miliyan dubu a ƙidayata, suna tafiya a miƙe fanka na sheme su.

A damina ta 2016, daminar gida nake nufi, iƙamar Kamil, wato takardar izinin zamansa, saura mako biyu ta mutu, Duktur kuwa bai ce uffan ba. In ba a sabunta ba, sai jirgin gida. Direba mai hankali shiru yake yi a irin wannan lokaci.

Wani hantsi ya kai jaka ofis, idonsa ya faɗa kan allon. Sai ga kogin Yawuri ya malalo tsakanin kujeru, ga babansa tsaye a kwalekwale, ga garken ƙarfasa ya dare biyu tun birgi, ragar da ake jefawa, bai taɓa ruwa ba. Bakinsa ya riga hankalinsa.

"Duktur, samak miskin, mafi khauf," in ji shi da guntun Larabcinsa. Wato kifayen nan ba su da tsoro.

Duktur ya cire tabarau. Kamil ya ji iƙama na ninƙaya tana barinsa, amma ya ci gaba da hannu da ka: kifi da haƙarƙari yake jin motsin ruwa, yana kaucewa tun daga nesa. Duktur ya ce ya san da haka a littafi, nisan kaucewar ne ya rasa wanda ya taɓa gani. Ya jawo masa kujera. Kwana uku suna zuba wa ɗige-ɗige tsoro. A na huɗu sabuwar iƙama ta fito.

Ran Juma'a na tare shi a unguwar Ulaisha. "Ranka ya daɗe, Sarkin Ruwan Sahara. Yau kifi nawa aka ba hannu?"

Ko kallona bai yi ba. "Buraima, kifina ya koyi kauce wa fanka cikin kwana uku. Kai shekara biyar kana karo da ƙofar gilashin kanti ɗaya."