Takalman Bakin Ƙofa

Tun ina budurwa a Ƙofar 'Yandaka abu ɗaya ke damuna: kada ƙawaye su kalli ƙafata. Silifas nake sawa, wanda aka ɗinke maɗaurinsa da zare. Inna kitso take yi, wuni idonta na kan kawunan mutane, ba ta da sukunin duba ƙasa. Kullum tana gaya wa masu zuwa kitso, "Ɗiyata ko allura ta tsinta sai ta yi cigiya." Haka nake kuwa a lokacin.

Sai na haɗu da Ladidi da ƙawayenta. Su suka fara ce mani "tamu", abin ya yi mani daɗi. Ladidi ta ce, "Ke da wannan silifas kamar mai tallar ƙuli? Taso mu je biki."

Dabararsu, su ɗinka ankon bikin da ba a gayyace su ba. Dangin ango su ɗauka 'yan gidan amarya ne mu, dangin amarya su ɗauka na ango ne. In mata sun tuɓe takalma a bakin ƙofa, mu shiga da tsoho mu fito da sabo. Daga takalmi muka koma jaka, daga jaka sai waya.

A wani biki a unguwar GRA aka kama ni da sarƙar uwar amarya. Ladidi ta kalli tsabar idona ta ce ba ta taɓa ganina ba. Alƙali ya tura ni gidan yari. Inna kaɗai ke zuwa, da tuwo a kwano. Ba ta zage ni ba. Cewa ta yi, "Mai cigiyar allurar nan nake jira ta dawo gida."

Na fito, na tuba. Inna ta koya mani kitso, Allah ya kawo miji, alhamdulillahi. Yanzu ina da ɗiya, Hafsatu. Duk ta dawo daga Islamiyya ƙafarta nake fara kallo. Rannan ta shigo da takalmi mai ƙyalli, ba nata ba. Kafin in buɗe baki ta ce, "Mama, wata ta tafi da nawa ta bar nata, Malam ya ce in sa shi. Raka ni mu kai mata, kada a doke ta."

Muka kai. A hanyar dawowa ina ta dariya, tana cewa, "Mama, mi ya faru?"

'Yan mata, duk ƙawar da sai kin canza takalmi za ki zama tata, ki rabu da ita. Iyaye kuma, don Allah ku riƙa duba ƙafafun 'ya'yanku.