Gadon Maɗacin da Bai Shiga Ɗakin Amarya Ba

Shekarar da za mu aurar da autarmu na riga na yi ritaya daga masaƙar da na yi wa aiki a Kakuri. Sayen auduga ne aikina, shi ya kai ni Sudan da Masar da Mali da Indiya, sau biyu kuma Faransa. Abin da ya rage mini a lokacin shi ne gidanmu na Barnawa da fanshon da ba ya zuwa kan kari. Ga kayan ɗakin amarya a wuyana, kamar kowane uba.

Wata Asabar wani tsohon abokin aiki ya buga mini waya, ya ce akwai wani injiniya Ba'indiye a Kudenda da zai koma ƙasarsu, yana sayar da kayan gidansa, kuma saura kwana uku jirginsa ya tashi. Ko hula ban canza ba na fita.

Gado ne, da wadirob mai ƙofa uku, da kujeru shida, da tebur. Duka maɗaci zalla. Na duƙa na leƙa ƙarƙashin kujera, babu ƙusa ko ɗaya, an huda katako an cusa katako a ciki. Na gwada ɗaga gefen gadon, bayana ya ce mini in bari. Mutumin ya ce shi ma a hannun wanda ya gada a aikin ya saya, bai san wanda ya ƙera ba. Na gaishe shi da ɗan abin da na tsinto na yarensu, ya yi dariya, ya faɗi kuɗin da ko kujera biyu ba zai saya ba a shagunan kan titi. Ban yi tayi ba, don kunya. Ƙarti huɗu suka loda kayan a a-kori-kura, muka sauke a garejina, ina jin na gama rabin biki.

Maiɗakina ta fito, ta zagaya kayan, ta shafa tebur.

"Falonka za ka gyara, Alhaji?"

"Na yarinya ne."

Ta ɗauke hannunta daga kan teburin. "To sai ka kira Yaya."

Yaya ita ce yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, tana zaune a ƙetaren kogi. Duk amaryar da aka yi a danginmu ita ke jagorantar matan da ke zuwa jere, su shirya ɗaki kafin a kai yarinya. Abin da ta ce ya shiga ɗaki shi ke shiga. Na san halinta, don haka ban kira ta nan da nan ba. Na fara kiran kafintana.

Ɗan ƙabilar Ibo ne, shagonsa na Sabon Tasha, ya daɗe yana yi mana gyara, Hausarsa kuwa ta fi ta jikokina. Da ya shiga garejin sai ya zauna a kan kujera ɗaya yana ƙwanƙwasa hannunta da ɗan yatsa.

"Baba, ina ka samo wannan? Irin wannan katako yanzu ko a daji ka je sai dai ka ga kututture."

Kwana biyar ya yi yana goge kayan da samfefa, ya shafa musu mai har suna ɗaukar ido, ya ɗinka sababbin matasai. Na sayo sabuwar katifa. Ranar da ya gama na ce ya naɗe komai a leda, irin yadda ake kawowa daga shago. Ya dube ni.

"Baba, tsoho ko ya rina gemu, tafiya za ta tona shi."

"Kai dai naɗe."

Ya naɗe. Har yau wannan ledar ce abin da nake jin kunyarsa a duk lamarin. Na yarda da kayana, amma na ɓoye su kamar na sato.

Yaya ta zo ranar Talata da hantsi. Ba ta tsaya shan ruwa ba ta wuce gareji, maiɗakina na bin ta a baya. Ta sa farce ta yage ledar kujera, ta sunkuya ta shinshina. Sannan ta ɗora tafinta a hannun kujerar ta ja a hankali, ta tsaya daidai inda katakon ya ɗan lotsa. Samfefa ba ta cike rami.

"Hannun wa ya ci nan?"

Na faɗa mata gaskiya. Na ƙara da abin da na gani a duniya. Na ce a Faransa tsohon kabad ya fi sabo tsada, mutum zai kai ka ɗakinsa ya nuna maka na kakarsa yana taƙama. A Indiya na ga akwatin katako da ya bi amare uku a gida ɗaya. A Omdurman ta ƙasar Sudan gadon igiyar da ake ɗora amarya a kai na dangi ne, ba a sayen sabo don kowace yarinya.

"Duk inda ka lissafa ɗin nan, a can za a kai ta?"

"Yaya, ke kanki da tasoshin kakarmu aka kai ki."

"Na kakarmu. Na san wadda ta ci tuwo a ciki, na san inda aka binne ta. Wannan gadon wa ya kwanta a kai? Wa ya yi jinya? Ka sani?"

"Katifar sabuwa ce."

"Katifa za su duba? Ranar jere dangin ango za su cika ɗakin, kowace da idonta. Ɗaya za ta shafa kamar yadda na shafa, ba za ta ce komai ba, za ta dai kalli 'yar'uwarta. Kafin la'asar labari ya isa gidansu, an kawo musu amarya da kayan gwanjo. Kai kana nan Barnawa kana karanta jarida."

Na ce wannan gadon zai ga jikokin jikokin yarinyar. Yaya ta ce ba a auren gado.

Na yi ciniki da manoman auduga da Larabci, na yi gardama da masu kwastan da Faransanci, wani lokaci har in yi nasara. A garejina, da Hausar da muka sha a nono ɗaya, na kasa matsar da yayata ko taku guda.

Da yamma na kira yarinyar, don ɗakinta ne ake ta magana a kai ba wanda ya tambaye ta. Ta tsuguna a bakin ƙofar falo. Na ce ta faɗa mini tsakaninta da Allah, kayan sun yi mata ko ba su yi ba.

"Suna da kyau, Baba. Wadirob ɗin ma ya fi duk wanda na gani a shago."

"To?"

Ta daɗe tana wasa da bakin mayafinta. "Baba, ni ce zan zauna da dangin mijin."

Na sallame ta.

Washegari na tafi Sabon Tasha. A gaban shagon kafintan akwai irin kayan da ake yayi, farare masu ratsin ruwan zinariya, gado mai madubi a kai da 'yan fitilu. Garin katako ne aka matse da gam aka lulluɓe da fenti, ni da hannu ɗaya na ɗaga gefensa. Na ce ya ba ni saitin nan ya ɗauki na garejina, musaya, kowa ya riƙe nasa.

"Baba, ka tabbata?"

"Na tabbata."

"Ni fa riba zan ci, ba ƙarama ba. Ina faɗa maka ne don kada gobe ka ce Inyamuri ya cuce ka."

"Ba kai ka cuce ni ba."

Ya sosa ƙeya. "To ka gaya wa amarya, in za ta wanke ɗaki kada ruwa ya taɓa ƙafar gadon nan. In ya sha ruwa kumbura yake kamar burodi. Kuma in an kafa shi kada a matsar."

Na ce gidan haya za su zauna a Narayi, ai wata rana za su tashi. Ya ce in sun tashi su kira shi, zai ga abin da zai iya ceto.

Aka yi jere. Na ji labari a bakin maiɗakina cewa ɗaki ya yi kyau, dangin ango sun yi ta ɗaukar hoto a gaban madubin gadon, wata gwaggonsa ma ta tambayi inda aka saya. Yaya ta bugo waya ta sa mini albarka, ta ce na fitar da su kunya. Yarinyar ta zauna lafiya da dangin mijinta, kuma wannan shi nake roƙa mata tun farko, ba na musu.

Damina uku ke nan. Uba ba ya shiga ɗakin kwanan 'yarsa a gidan miji, in na je a falo nake zama in sha ruwa in fito, saboda haka ban san halin da gadon yake ciki ba. In na tambayi maiɗakina sai ta ce lafiya lau, ta kawo wata maganar. Makon jiya ne dai, ina cin abinci, ta tambaye ni ko mutumin nan na Sabon Tasha yana zuwa gyara har Narayi.