Ba a Sata a Gungu, In Ji Kawu

Na gano lambun Kawu! Yana nan, jama'a, kore shar a tsakiyar teku, kuma wai ba shi ya yi shi ba. Shekara bakwai ke nan da muka binne Kawu Saje Bawa a Zuru, sai a watan nan na ga aikin hannunsa a waya, an rubuta a ƙarƙashin hoton wai na wasu Turawan jirgin ruwa ne na zamanin da.

Bari in koma baya, na san da ihu na fara. Kawu Bawa yayan Mama ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Soja ne, kamar rabin mazan unguwarmu. Da ya ajiye kaki, wani kamfani a Legas ya ɗauke shi gadi da tuƙi, daga nan suka kwashe shi zuwa wani ɗan tsibiri inda suka samu kwangila. Sunan wurin editan jaridar nan ya ce in cire, to na cire. Shi ma Kawu ba ya kiransa da shi. Gungu yake cewa, yadda mutanen Yauri ke kiran tsibiri, shi ya sa abokansa na gindin mangwaro ke ce masa Sarkin Gungu.

Mu da muka taso a gabansa mun haddace Gungu kamar addu'ar cin abinci. Ƙasar baƙa ce ƙirin, dutse ne da wuta ta taɓa amayowa. Babu rafi, ruwan teku ake tacewa a sha. Albasa ma sai jirgin ruwa ya kawo, in ya makara kowa ya ci miya haka nan. Kafin shayinka ya huce ka kai ƙarshen ƙasar da mota. Gwamnansu ba ya zaune a can, yana wani tsibirin mai nisa, sai dai ya turo kantoma, da wata 'yar majalisa da ba ta cika benci biyu na cocinmu ba. Abin da ƙasar ke ci da shi: filin jirgin sama, dogayen eriyoyi, kan sarki na wasiƙa da suke bugawa su sayar wa masu tarawa, da lasisin kamun kifi.

Sai doka ɗaya da Kawu ke faɗa yana dariya, ni kuwa yanzu ba ta ba ni dariya. A Gungu babu ɗan gari. Ba mai fili, ba mai gida. Kana da aiki, ka zauna. Aiki ya ƙare, ka hau jirgi, ko da a can aka yanke maka cibiya. Mu nan muna cewa baƙo raɓa ne. To can ƙasar gaba ɗaya raɓa ce.

Tudu ɗaya ne tak a tsakiya da ke kama gajimare. Ɗan Zuru ya ga tudu, me kuke tsammani? Duk Lahadi in an tashi daga sujada sai Kawu ya haye sama ya kama jera duwatsu hawa-hawa don su tare ƙasa, yadda kakanninmu suka yi a kan tuddai. Ya shigo da irin yakuwa da kuɓewa a cikin safa, abin da yake ba da labarinsa kamar ya ci yaƙi. Har matar kantoma, in ji shi, ta riƙa aiko a ba ta tumatir. Kawu ba mai ɓoye bajintarsa ba ne, in ya fara sai Mama ta ce, “Yaya, ka bari mu ma mu yi numfashi.”

Shekara sha wani abu ya yi a can. Sai hawan jini ya buge shi, hannun dama ya shanye. Ba a yi wata-wata ba aka sallame shi, aka sa shi a jirgi da jaka ɗaya. Akwatinsa mai hotuna da takardu suka ce jirgin ruwa zai biyo shi da shi. Manajan kamfanin ya riƙe masa hannu ya ce lambun nan sunan Saje za a sa masa. Har yau akwatin yana hanya.

Mama ta sha cewa an ci moriyar ganga an ya da kwaurenta. Shi kuwa sai ya hau faɗa.

“Ke ba ki san Gungu ba! Doka ce, kuma doka ba ta san fuska ba. Can ba a kulle ƙofa. Ki bar makulli a mota ki dawo ki same shi. Ba a sata a Gungu.”

Da wannan maganar ya mutu a bakinsa.

Yanzu ga yadda na kama su. Ina aji uku a jami'a, Jogirafi nake karanta, kuma laifin Kawu ne, shi ya laƙaba min Farfesa tun ina firamare. Aka ba mu asamen a kan ƙananan tsibirai. Da rana tsaka, malam bai shigo ba, ina ta latse-latse da ragowar data, na faɗa shafin hukumar Gungu na jawo masu yawon buɗe ido. Ga kunkurun teku, ga ƙaguwa, ga baƙin dutse, komai yadda Kawu ya faɗa. Sai ga hoto: duwatsu hawa-hawa a gefen tudu, jajayen yakuwa sun fantsama ko'ina. Na danna na gaba. Wani faffaɗan dutse da ramuka, layi biyar, gida shida-shida. Sun rubuta wai wasan matuƙan jirgin da ne, ba a san yadda ake yinsa ba.

Dara ce fa! Darar da ake bugawa a kowace inuwa daga Zuru har Kanya.

Na ja hoton da yatsa biyu. A kusurwar hagu akwai rami guda babba, a waje da layi. Wallahi ihun da na kurma sai da kilas ref, shugaban ajinmu, ya ce a fitar da ni. Duk wanda ya taɓa buga dara da Kawu ya san ramin nan. Nan yake jefa 'ya'yan da ya cinye, kamar mai tura soja mai laifi ɗakin kulle, yana cewa, “Wuce gadirum, ba beli!” Dara ba ta da wannan ramin, shi ya ƙirƙiro abinsa. Irinsa sak yana kan dutsen gindin mangwaronmu, wanda ya sa yara suka fafe masa bayan ya dawo.

Na tura wa Mama sikirinshot. Ta kira ni, ta ce, “Rifkatu, ashe yakuwar ta rayu.”

Murna ta ɗebe ni, na zuba musu kwament da Turancina na ranar Lahadi, na haɗa da hoton dutsenmu na gida. Suka amsa da ladabi mai sanyi kamar ƙanƙara: sun gode, amma babu sunan wani ma'aikaci a tarihin wurin, in ina da hoto ko shaidar wanda ya zauna a can in kawo. Hoto? Yana cikin akwatin da kuka riƙe! Na rubuta haka. Washegari kwament ɗina ya yi layar zana. Kuma a shafin suka sanar cewa majalisarsu za ta kafa allo a bakin lambun kafin ƙarshen shekara, da labarin matuƙan jirgi a kai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Tun ranar nake tambayar kaina, da Kawu na nan me zai ce? Na san farko zai ƙwace wayar ya zagaye unguwa da ita, ya nuna wa duk wanda ya taɓa cewa Sarkin Gungu ya cika ƙarin gishiri. Zai ƙirga hawan duwatsun ya ce ko ɗaya bai zame ba. Amma in aka karanta masa rubutun da ke ƙasa fa? Anya zai sake cewa doka ce? Wannan ne ke ci min rai. Mutumin nan ya kare su a gaban ƙanwarsa, ya kare su da hannu ɗaya a shanye, bai taɓa yarda an yi masa sakiyar da ba ruwa ba. Kawu, gaskiyarka, ba sa satar mota a Gungu, ina za a kai ta? Suna suke sata.

Abin da ya rage na Kawu ba shi da yawa: tsohuwar hular soja, dutsen gindin mangwaro, da ni da ya tura Jogirafi. Sai tudu guda a tsakiyar teku, a ƙasar da ba ta yarda kowa ya yi saiwa, inda yakuwarsa ta yi saiwa ba da izinin kowa ba. Shi sun iya sa shi a jirgi. Ita ta gagare su.

Shaida suke so, kuma akwai shaida guda. Kawu ba shi kaɗai yake buga darar ba. Akwai abokin aikinsa, tsohon kofur daga wajen Mahuta, Baba Dogo kawai muka san ana ce masa, shi ke da kyamara a lokacin. Ya zo jana'iza, daga nan lambarsa ta daina shiga. Wasu sun ce ya koma wajen 'yarsa a Dirin Daji, wasu sun ce Kanya.

Don Allah ku tura wannan rubutun gaba. Ku sa a guruf na coci, na masallaci, na tsofaffin sojoji, na 'yan makaranta. Wanda kakansa ba ya karatu ya karanta masa. In akwai dogon tsoho a gidanku da ya taɓa shan tataccen ruwan teku, ku ce masa 'yar ƙanwar Saje Bawa na nemansa ta hannun jaridar nan, kafin a kafa allon. In ya yi kamar bai gane ba, ku ce masa kawai: wuce gadirum, ba beli.