Tsatsar da ta goge a kan layin Giza

Bayan aikin zuciyar da aka yi wa Baba, likita ya ce ya riƙa tafiyar minti ashirin kowace safiya, kada ya rage, kada kuma ya ƙara. Ni ce 'yar da ta rako shi daga Zariya, don haka agogon yana hannuna. Shekarar da aka kafa dokar hana fita a Alkahira ce, kowa yana tafiya yana waige.

Mun kama ɗaki a Giza, a unguwar da titi ba shi da gefen mai tafiya. Wuri ɗaya ne shimfiɗaɗɗe babu mota: wani tsohon layin dogo a bayan benenmu, wanda a da yake kai kaya wata masana'anta da ta daɗe a rufe. Mata sun baza tumatur da albasa a kansa. Wani ya ɗaure akuya a jikin ƙarfen.

Baba shekara talatin da ɗaya ya yi a reluwe yana duba layi da ƙafa. Bai taɓa yarda ya taka tsakiyar ƙarafan nan biyu ba. A gefe yake bi, kan tsakuwa, ni ina riƙe da gwiwar hannunsa. Idan za mu tsallaka sai ya tsaya ya duba gabas ya duba yamma, masu tumatur suna ta dariya.

Muna da maƙwabci, wani dattijo Bahaushen Sudan mai ciwon suga, shi ma an ce ya riƙa tafiya. Kullum sai sun yi gardama. Maƙwabcin ya ji ana cewa za a cire ƙarafan a shuka itatuwa, a sa kujeru, tsofaffi su samu wurin miƙe ƙafa.

“Kujeru!” in ji Baba. “Malam, tarago ɗaya zai ɗauke kayan waɗancan tirelolin da ke hana ka barci. A gyara layi a sa jirgin siminti.”

“To mu fa, Alhaji? A kan taragon za mu yi tafiyar?”

“Kai ai ko an shimfiɗa maka darduma, wurin mai shayi za ka tsaya.”

Ni a raina ina bayan maƙwabcin, don numfashin Baba nake saurare.

Wata safiya, ba mu yi minti biyar ba, Baba ya tsaya cak. Ya durƙusa da ƙyar ya shafa saman ƙarfen. Wani siririn zare ne fari a tsakiyar tsatsar, yana sheƙi, ya miƙe har inda ido ya tsaya. Ya duba ɗaya ƙarfen, shi ma haka.

“Wani abu ya bi ta nan,” ya ce. “Ƙafar ƙarfe ce. Gwaji suke yi. In an tura ƙaramin, babban yana tafe.”

Na ce, “Baba, da an yi sanarwa.”

“Wa zai yi? Kin ga mai tuta a nan?”

Ya karɓi jan ɗankwalin da na ɗaura a hannun jakata, ya naɗa a kan sandarsa, ya fara bin zaren. Duk wadda ya tarar a kan layi sai ya ɗaga mata sandar ya ce, “Katar, katar,” kalmar jirgi da ya koya a Larabci, yana nuna mata ta janye kayanta. Wasu suka janye. Wata ta ce “ma'alish ya Hajj,” wato ka yi haƙuri Alhaji, ta ci gaba da awonta.

Minti ashirin suka cika. Na nuna masa agogo, ya ture hannuna. Talatin. Leɓensa ya fara yin toka. Na ce mu koma, ya ce akwai kwana a gaba, direba ba zai hango kowa ba sai ya iso. Na roƙe shi da Allah. Ya ce, “'Yar nan, kin taɓa ganin abin da jirgi yake bari?” Ban taɓa ba. Daga nan ni ma na fara waiwaye. Duk ƙahon mota sai in ɗauka jirgin ne. Ina tsoron abin da ke bayanmu, ina tsoron abin da ke ƙirjinsa, ga shi babu wanda zan kira, Larabcina bai wuce na cefane ba.

Bayan kwanar muka ga abin. Mai sayar da tukwanen gas ne. Ya sa wa kurarsa ƙafafun ƙarfe daidai faɗin layin, yana turata a kai yana buga tukunya da sifana.

Baba ya daɗe yana kallon ƙafafun. Ya sunkuya ya auna tazarar da tafin hannu. “Wallahi ya iya awo,” ya ce, ya yi 'yar dariya. Sai ya zauna a kan tsakuwa, bai iya tashi ba.

Mutumin ya sauke tukwane huɗu, muka ɗora Baba a kan kurar. Shi yana turawa, ni ina gudu a gefe riƙe da kan Baba, matan da ya kora ɗazu suna kwashe tumatur da gaske yanzu suna ba mu hanya. A bakin titi muka samu tasi. Mutumin ya tafi kafin in yi masa godiya.

Kwana huɗu Baba ya yi a asibiti. A rana ta biyu ya farka ya ce in gaya wa maƙwabcin ya ci gardama, amma ta wannan shekarar kawai. A rana ta huɗu ya rasu. Ɗaliban Najeriya ne suka yi masa wanka da salla, aka binne shi a can.

Da na kira gida, Inna ta tambaye ni ko ya wahala. Na ce a'a.