Kwandon Neman Comadre

A tashar motar Tlacolula wata mata ta kasa zama wuri ɗaya. Ta tashi, ta gyara mayafi, ta leƙa kwandonta, ta koma. Burodi ne ciki da cakulan da kyandir, ga talotalo ɗaure kusa da ƙafarta. Doña Eulalia mai kunun masara ta san irin kayan nan: roƙo za a je, a riƙe wa mutum ɗa ranar baftisma. Wadda ta karɓa ta zama comadre, wato aminiyar uwar ɗan, daga ranar kuwa a tsakaninsu ba mai ɗaga wa wata murya.

Mota biyu sun tashi matar ba ta shiga ba, leɓɓanta sai motsi suke.

Eulalia ta ce, "Baiwar Allah, talotalon nan zai tsufa a tasha. Wa za ki roƙa?"

"Ƙanwata. Shekara shida ba ma gaisawa. Ko za ta buɗe ƙofa, oho."

"To addu'ar ta isa, ga wata motar."

Matar ta sungumi talotalon. "Ba addu'a ba ce, señora. Ragowar zagin nake ƙarasawa, don in ta karɓa ba ni da dama kuma."